Malam Me-ta-ce da Ɗakin Makon Farko

Kafin mai shara ta iso, shi ya riga ya iso. Baba maigadi ne shaidata. Ya ce duk tsawon shekarun da ya yi yana buɗe ƙofar cibiyar koyon kwamfutar nan, da wuya ya zare sakata da safe bai tarar da mutumin nan a tsaye a waje ba, jaka mai tsinkakken hannu a hammata, goran ruwa a hannu. Idan ya shiga ba ya hawa bene, inda ofisoshi masu sanyi suke. Ƙarshen baranda yake nufa, ɗakin da ke jingine da na janareto, mai fanka biyu, ɗaya tana juyi, ɗaya ta riga shi yin ritaya. Sai ya durƙusa ya bi soket ɗaya bayan ɗaya da cajar wayarsa, don ya san wanda ya mutu jiya kafin wani ɗalibi ya zauna a wurin. Ya warware wayoyin da aka cukurkuɗe a ƙarƙashin tebura, ya goge allo da tsumma. Daga nan ya zauna ya sauko da kayan aikin ranar tun intanet bai yi nauyi ba, ya zuba a filash, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, saboda ya san da hantsi ya ɗaga sabis zai fara jan ciki.

Sunansa na yanka yana nan a takardar albashi, amma ko Manaja sai ya leƙa kafin ya tuna. Malam Me-ta-ce kowa ya sani. Shi nake so in jinjina wa yau a gaban jama'a, da ransa da lafiyarsa, don na gaji da halinmu na ɓoye yabo sai mutum ya bar duniya sannan a fito da shi. Kuma in faɗa muku tun yanzu, ba da farin ciki na zauna rubutun nan ba. Raina a ɓace yake, ba kuwa zan shafa wa maganar mai ba.

Ga wanda bai san harkar ba, bari in ɗan yi bayani a gurguje, ni ba malama ba ce. Akwai shafin intanet da ake karantawa kawai a wuce, kamar allon talla a bakin titi. Akwai kuma wanda yake amsa mutum: ka danna ya buɗe, ka rubuta sunanka ya gaishe ka, ka zaɓi kaya ya tara maka su wuri ɗaya. Wannan na biyun ba a gina shi da tsurar hannu. Akwai tarin kayan aiki da masana suka harhaɗa, sai ka sauko da su ka ɗora a kwamfutarka, ka buga wasu 'yan umarni a wata baƙar taga marar hoto marar ado, sannan shafinka na farko ya bayyana a burauza, manhajar da ake buɗe shafuka da ita. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa, nan ne mafi yawan masu sha'awar sana'ar suke yin mutuwar tsaye. Kayan su ƙi sauka. Ko su sauka su ƙi hawa. Ko su hau su ce suna neman wani abin da ko a mafarki ba ka taɓa jin sunansa ba, kuma duk da jan rubutu suke faɗa, da irin Turancin da za ka rantse zaginka ake yi.

Wannan mashigar ita ce aikin Malam. A cibiyar ana kiranta makon farko. Duk sabon ɗalibi sai ya bi ta ɗakin ƙarshen baranda da kwamfutarsa ta gida, ko tsohuwa ce ko sabuwa, ko ta aro ce, ya zauna har sai kayan aikin sun hau kanta da hannunsa, shafinsa ya buɗe. Sannan ya hau bene wurin malaman da ake saka hotunansu a takardar talla. Bana aka ɗora wannan mako da wannan ɗaki a kan sikeli, a bar su ko a soke, kuma mu tsofaffin ɗalibansa aka kira mu faɗi nauyinsu.

Ni mai buga wa mutane takardu ce a da. Ina da ɗan shago kusa da kotu, injin bugu ɗaya, na'urar kwafi ɗaya, kuma da su na yi rainon 'ya'yana. Da kowa ya koma rubuta takardarsa a waya, sai na wayi gari ina korar ƙuda daga safe zuwa yamma. Na je cibiyar nan ina da furfura a gefen kai, ɗauke da tsohuwar kwamfutar ƙanena, na zauna a tsakiyar sa'o'in 'ya'yana. Malam ya kira ni Hajiya tun ranar, ni da ko bakin filin jirgi ban taɓa zuwa ba, kuma har yau bai sauke ni daga muƙamin ba.

Na buga umarnin da ya rubuta a allo, harafi bayan harafi, ni da bugu ya zama sana'ata. Jan rubutu ya cika tagar. Na sake, ya sake cika. Na ɗaga hannu, ina jiran ya zo ya karɓi kwamfutar ya yi 'yan danne-danne irin na masu gyara, ya miƙo mini. Ya zo kuwa, amma ya tsaya a bayana, hannayensa biyu a goye a baya, ya ce, "Hajiya, me ta ce?"

Na ce ta ƙi. Ya ce bai tambaye ni abin da ta yi ba, abin da ta ce yake tambaya, in karanta masa da ƙarfi. Ku dubi girman wannan abu, mace mai jikoki a hanya tana karanta jan rubutu da karyayyen Turanci, yara suna jin ta. Na karanta ina haɗiye kalmomi. Ya ce in sake, a hankali, in tsaya duk inda na ci karo da kalmar da na sani. Haka muka yi ta yi, yana zagayawa wurin wasu yana dawowa, har hantsi ya wuce. Can na lura akwai wata kalma da ta shafi lokaci tana ta maimaituwa. Na dubi kusurwar kwamfutar, sai na ga ashe baiwar Allah tana zaune a shekarar da na yaye autana. Ɗan batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu, ita kuma ma'ajiyar da ake sauko da kayan ba ta yarda da kwamfutar da ba ta san kwanan wata ba. Na gyara kwanan watan, kayan suka fara sauka kamar ba su ba.

Da na juya na ga fuskarsa, na gane tun zuwansa na farko ya hango agogon. Wallahi sai da na ji kamar in maka masa jakata. Na ce masa wannan ai mugunta ce, abin da zai gyara kafin ƙiftawar ido ya bar ni ina zufa rabin yini. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Hajiya, in na gyara miki yau, gobe a shagonki wa zai tsaya a bayanki?"

Daga nan sunan ya samo asali. Ba ya taɓa madannan kwamfutar ɗalibi. Mai shara ta ce ta sha ganin yatsunsa suna motsi a bayansa kamar mai jan carbi, yana ƙaiƙayin ya kai hannu, amma ba zai kai ba. Matarsa ma ta ba ni dariya ranar da na je gaishe su. Ta ce ana tsakiyar cin abinci waya za ta yi ƙara, tsohon ɗalibi ne ya maƙale a wani ofis, sai ka ji Malam ya ajiye cokali yana cewa me ta ce, karanta mini. Ta ce ita da ta yi shekaru tana magana a gidan nan, ba ta taɓa samun irin sauraron da kwamfutocin mutane suke samu ba.

Shafin farko da yake sa kowa ya gina ba wani abin a zo a gani ba ne: farin fili, maɓalli ɗaya a tsakiya, in ka danna lamba ta ƙaru. Amma ranar da nawa ya buɗe, na danna na ga ɗaya ta koma biyu, kuma ni na sa ta, sai da na kira 'yata a waya na faɗa mata. Ban gama murnar ba Malam ya zo ya ce in goge. Duka, har foldar, har kayan aikin da na sha wuya kafin su hau. In sake daga farko ba tare da duba allo ba. In na gama in tashi in musanya kujera da maƙwabcina, in sake a tasa kwamfutar, don tasa cutar daban ce da tawa. Babu ɗalibin da bai tsine wa wannan doka a zuciyarsa ba. Babu kuma wanda ya fita ɗakin nan yana tsoron baƙar taga.

Abin da yake sa mu, shi ma yana sa kansa. Kayan aikin nan ba sa zama wuri ɗaya, masu su kullum cikin sauya su suke, abin da ya yi aiki bara bana sai ya ƙi. Saboda haka duk lokacin da za a ɗauki sababbin ɗalibai, Malam yakan ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da ya ajiye don haka, mai fasasshen murfi, ya share ta tas, ya zauna ya fara kamar wanda bai taɓa gani ba, yana neman inda sabon ramin yake kafin 'ya'yan mutane su faɗa. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya sani a bene.

Yana da wata doka kuma, ita ce ta ci shi daga baya. Tun ranar farko yakan ce abin da ya faru a ɗakin nan, a ɗakin nan yake kwana. Wanda ya yi kuka, wanda ya kasa bambance babban harafi da ƙarami, wanda ya buga umarni a cikin akwatin bincike yana jiran abin mamaki, ba a kai labarinsa bene, ba a yi masa gori a waje. Ya ce mutum ba ya koyo in yana tsoron a ba da labarinsa. Mun riƙe dokar nan da gaske. Sakamakon haka malaman bene ba su taɓa ganin ɗalibi yana zufa a kan matakin farko ba. Mutane kawai suke gani suna hauro musu a shirye, kwamfuta na aiki, hannu ba ya rawa, sai suka ɗauka haka Allah yake halittarsu.

A ajinmu akwai wani saurayi, ba yaro ba, ya gama jami'a da digirinsa. Yanzu Injiniya ake ce masa, yana aiki da kamfanonin waje daga falonsa, motarsa ma sai ka kauce. A makonmu na farko kowa ya haye ya bar shi. Kwamfutarsa tana da wata tsohuwar siga ta kayan aikin da wani ya taɓa ɗora masa, tana faɗa da sabuwar, ko ya ya buga sai jan rubutu. Ina kujerar kusa da shi ranar da ya kifa kansa a tebur kafaɗunsa suna girgiza. Ya tattara jakarsa ya ce shi ya haƙura, sana'ar ba tasa ba ce. Malam ya bi shi har bakin titi. Baba maigadi ya ce yana kallonsu, sun daɗe a tsaye a rana, motocin haya suna tsayawa suna wucewa, Malam yana magana saurayin yana share ido, har ya juyo da shi. Ranar hutun ƙarshen mako ma Malam ya zo ya buɗe ɗakin saboda shi kaɗai, ya tsaya a bayansa da hannu a goye har shafin ya buɗe.

Kai ne tsani, Malam, a hau ka a kai sama, a manta da inda aka jingine ka. Kai ne ka tsaya a mashigar da ba a ɗaukar hoto, ba a raba takardar shaida, ba a gayyatar manyan baƙi. Duk wanda ya fito ɗakinka sunan malamin bene yake ambata in an tambaye shi wa ya koya masa, don a can ya koyi abin da ake nunawa a yi alfahari. Kai abin da ka koyar ba ya nunuwa, sai dai in babu shi.

Manajan da aka kawo bana ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai son abu ya yi sauri. Ya duba ya ga wasu cibiyoyin suna talla cewa ranar farko ɗalibi zai gina manhaja, mu kuwa ɗalibanmu suna kwashe mako suna gogewa suna sakewa. Sai ya kawo shawara a sayi kwamfutoci a jera a bene, a ɗora musu komai tun kafin ɗalibai su zo, kowa ya zauna ya tarar da shafi a buɗe ya ci gaba daga nan. Ɗakin ƙarshen baranda a yi wani abin da shi. Malam kuma, tunda shekarunsa sun ja, a sallame shi cikin mutunci. Amma don kada a ce ya yanke hukunci shi kaɗai, sai ya ce a kira tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka bi ta ɗakin, su faɗa da bakinsu ko makon yana da amfani. Da na ji haka har hankalina ya kwanta. Na ce wa matar Malam ta kwantar da nata, ai 'ya'yansa aka kira, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An yi taron a babban zauren bene, mai labule da na'urar sanyi. An zo da yawa, ƙamshin turare kamar a shagon mai sayarwa, makullan mota a kan tebur. Malam yana can kujerar baya kusa da ƙofa, jakarsa a cinya. Wasu sun je sun durƙusa sun gaishe shi, ba zan yi musu ƙarya ba. Manaja ya yi bayani, ya nemi ra'ayi. Mutum biyu uku suka yi 'yan kame-kame, ba su ce a bari ba, ba su ce a soke ba. Sai Injiniya ya miƙe, shi da ake jira, don yanzu har shawara cibiyar take nema a wurinsa.

Ya yabi Malam tukuna, ya ce uba ne. Sannan ya ce, "Amma gaskiya ɗaya ce. Matakin nan umarni ɗaya ne tak, ka buga ka danna, shi ke nan. Ni ban ma tuna na taɓa samun matsala da shi ba."

Na dube shi da kyau, ina neman alamar ƙarya a fuskarsa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, babu. Da gaske ya manta. Ya buga umarnin nan sau ba adadi tun daga lokacin, hannunsa ya saba har ya zama kamar ɗaura igiyar takalmi, wahalar ta goge daga kansa ƙarƙaf. Kuma ba shi kaɗai ba, zauren duka kai ake gyaɗawa.

Na miƙe ba tare da an ba ni dama ba. Na ba da labarin agogona, na ce ba don ɗakin nan ba da tuni na koma korar ƙuda. Aka yi dariya irin ta tausayi. Injiniya ya ce cikin ladabi, wai Anti ai ni na zo da shekaru, dole abin ya yi mini nauyi, yaran yanzu kuwa da waya a hannu aka haife su. Nan jinina ya hau. Na juya na fuskance shi, maganar tana kan harshena: kai da ka kifa kai a tebur, kai da aka bi har bakin titi. Jimla ɗaya ce, kuma na san in na sake ta zauren nan zai juya. Sai idona ya faɗa kan Malam a kujerar baya. Yana kallona, ya girgiza kai a hankali, sau ɗaya.

Na haɗiye. Allah ya sani ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci irin wannan ba. Na zauna, aka ɗauka na rasa ta cewa ne.

Da Manaja ya nemi Malam ya ce wani abu, daga inda yake ya miƙe, bai zo gaba ba. Ya gode wa kowa da zuwa. Ya ce, "Waɗanda kuka kira duk waɗanda suka haye ne. Waɗanda za su maƙale ba su zo ba tukuna, ba su da baki a zauren nan." Ya koma ya zauna. Aka ce a ɗaga hannu. Ban ƙirga ba, ba sai an ƙirga ba. Mu da muka ce a bar ɗakin, ko benci ɗaya ba za mu cika ba.

A kan matakala na tare shi. Na ce masa Malam ka cuce ni, ka cuci kanka, ka bar ni in faɗi gaskiya mana. Ya ce gaskiyar ba tawa ba ce, ta mai ita ce, kuma ya yi wa yaron alkawari tun ranar farko kamar yadda ya yi mini. Ya ce in ya sayi ɗakin da asirin ɗalibi, wane ɗalibi ne zai sake yarda ya karanta jan rubutu da ƙarfi a gabansa? Har yau haushin tambayar nan yana nan. Ko a rubutun nan ban kama suna ba, Malam, injiniyoyi sun yi yawa a gari, kada ka kira ni ka yi mini faɗa.

An yi masa walimar sallama, an yi jawabai. Kyautar da aka ba shi madannai ne sababbi fil, masu fitilu kala-kala, ga mutumin da ya ƙare aikinsa hannu a goye a baya. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya riƙa zuwa ranar da aka ɗauki sababbin ɗalibai, ba albashi ba komai, ya zauna a baranda ko wani zai so a ɗora kayan a kwamfutarsa ta gida. Aka ce za a duba. Daga baya aka aiko masa cewa hakan zai rikita tsarin. Ɗakin yanzu karyayyun kujeru ne a ciki da kwalayen sababbin kwamfutocin.

Da a nan maganar ta tsaya, da na yi shiru na bar wa Allah. Amma kwanakin baya na kai ɗinki wurin wata tela a layinmu, mace mai hankali, mai hannu. Na ga takardar shaidar cibiyar a bango, an saka ta a gilashi. Tana cikin rukunin farko da suka yi karatu a sabon tsari. Ta ce burinta ta gina shafin da masu kawo ɗinki za su zaɓi samfuri su saka awonsu ba sai sun zo ba, kuma a aji ta gina irinsa, ya yi kyau, har an tafa mata. Na ce to ina shafin? Ta yi murmushin da bai kai ido ba. Ta ce da ta dawo gida ta buɗe tata kwamfutar, ba ta ga komai irin na aji ba. Ta nemi bayani a intanet, ta buga abin da aka ce, jan rubutu ya fito. Ta gwada har ta gaji, ta rufe. Kwamfutar tana can ɗaki yara suna kallon zane-zane a kai.

Ta ci gaba da auna mini hannun riga, ta ce, "Anti, ni kaina ne ba ya ja. A aji ma ina jin taimaka mini aka yi."

Ba ta zargi cibiya ba, ba ta zargi Manaja ba, ba ta ma san an taɓa yin wani ɗaki a ƙarshen baranda ba. Kanta ta zarga. Kuma irinta nawa ne suka rufe kwamfuta suka yi shiru? Ba za su je su yi ƙorafi ba, kunya ba za ta bar su ba. A takardun cibiya suna cikin waɗanda suka gama lafiya.

Ku da kuka cika zauren nan, da ku nake. Ba na ce ku miyagu ba ne, mantuwa ce, amma mantuwarku a kan wasu ta faɗa. Ba a ce ku gina wa Malam gida ba. Kowannenku akwai wani a kusa da shi, ƙanwa ko maƙwabci ko sabon ma'aikaci, da ya buɗe baƙar taga ya tsorata ya rufe. Ku jawo kujera ku zauna kusa da shi. Kada ku karɓe masa kwamfutar, kada ku ce ai abu ne mai sauƙi, don wannan kalmar ta kori mutane daga sana'ar nan fiye da tsadar data. Ku yi haƙurin da aka yi da ku, ko da kun manta an yi.

Kai kuma Malam, mun gode. Ni da shagona da ya farfaɗo, da 'yan asibitoci da makarantun da nake gina wa shafuka, da duk wanda ya ci abinci ta hannuna tun daga lokacin, mun gode. Allah ya saka maka da abin da mu muka kasa, ya ba ka lafiyar gwiwoyin nan da suka gaji da durƙuso a ƙarƙashin teburan mutane.

Na ba Malam labarin telar ranar da na je duba shi. Na zaci zai ce ai ya faɗa, ko ya yi tsaki, ko ya bar ni in zazzaga abin da ke cikina mu yi tare. Bai ce ko ɗaya ba. Sai ya tambaye ni layin da shagonta yake, da inda motar haya take sauke mutum. Washegari matarsa ta kira ni tana faɗa, wai na tayar mata da tsoho, likita ya hana shi doguwar tafiya amma tun safe ya ɗauki sandarsa ya fita. Mota biyu ake hawa kafin a kai layinmu daga gidansa, sauran kuma a ƙafa. Cikin duk masu makullan motar da suka ɗaga hannu ranar nan, babu wanda ya san ya fita.